Uwargida A Motar Gida: Kwana Goma A Hamadar Kan Tudu

 

A wannan watan fita za mu yi, kuma nesa za mu. Akwai wata tafiya da iyalai ke yi a Amurka idan an ba yara hutu, wato a yi hayar mota mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki, a zuba yara a ciki, a nufi hamada. Amurkawa RV suke ce wa motar, mu kuwa a nan motar gida za mu kira ta. Idan can kike zaune, wata rana maigida zai shigo miki da wannan magana, yana fara'a yana nuna miki hotunan jajayen duwatsu. Idan kuma a gida kike, ƙila 'yarki ko ƙanwarki ce ke aure a can, ta bugo waya ta ce hutun nan hamada za su. Abin da ke fara zuwa bakin mace irinmu shi ne, wace hamada kuma za a gaya mana, mu da muka tashi cikin zafin bazara da ƙurar hunturu? To, a kan wannan amsar nake so mu zauna, domin rabinta gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ke jefa iyali cikin wahala.

Hamadar da muke magana a kan tudu take. Makeken tudu ne da ake kira Tudun Kolorado, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 337,000, ya shiga jihohi huɗu: Yuta, Arizona, Kolorado da New Mexico. Bari in auna miki da abin da kika sani. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba. Jos, da muke zuwa da rigar sanyi, kimanin mita 1,200 ce. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, na Nijar kuwa, a tsaunin Bagzan na ƙasar Azbin, mita 2,022. A wannan tafiya akwai daren da za ki shimfiɗa wa yaranki a wurin da tsayinsa ya yi daidai da ƙololuwar Chappal Waddi, kuma kwalta ce za ta kai ku har can cikin 'yan sa'o'i, jiki bai samu damar sabawa ba. Wannan tsayin shi ke sauya komai, daga numfashin yaro har zuwa dahuwar shinkafa.

Hanyar da aka fi bi zagaye ce. A tashi daga Las Vegas, a shiga gandun Zion da na Bryce a jihar Yuta, a gangaro garin Page, a ratsa ƙasar ƙabilar Nabaho zuwa Monument Valley, a biyo ta Grand Canyon a dawo inda aka faro. Kimanin kilomita 1,600 ke nan, kamar daga Kano zuwa Legas da rabin dawowa. Maigida zai ce mako guda ya isa. Ki ce kwana goma. Motar nan ba ta gudu irin na ƙaramar mota, kuma yaron da aka ɗaure a kujera fiye da awa huɗu a yini, ke za ki sha kukansa da dare.

Ita kanta motar

Wadda iyalai suka fi haya tsawonta mita 8 zuwa 9, kamar ƙaramar bas, kuma lasin tuƙin ƙaramar mota ya isa a ja ta. A can baya gadonku yake, a saman kan direba akwai wani gadon da yara za su yi ta rigima a kansa, teburin cin abinci kuma da dare a kwantar da shi ya zama gado na uku. Akwai murhun gas da firij, da wurin wanke-wanke da bai fi faɗin tire ba, da banɗakin da in kika shiga da yaro sai kun yi dabarar juyawa.

Abin da hoton talla ba ya nunawa shi ne tankuna uku da ke ƙarƙashinta. Ɗaya na ruwa mai kyau, yawanci lita 150 ko kusa da haka. Na biyu yana tara ruwan wanka da wanke-wanke, na uku kuwa na masai ne. Na farko yana ƙarewa, biyun suna cika, kuma ba a zubar da su ko'ina sai a wuraren da aka tanada a sansanonin kwana, inda ake jona tiyo a juye. Tun kuna gida ki yi yarjejeniya da maigida cewa wannan tiyon aikinsa ne, tare da shan mai da duba taya. Ki raba wa manyan yara shara da naɗe shimfiɗa. In ba ki yi haka ba, kicin ɗinki kawai kika ɗauko kika kai shi hamada, kowa yana hutu ban da ke.

Kafin a sa hannu a takardar haya, ki shiga motar da kanki ki ƙirga bel ɗin kujera. Motar da aka ce tana kwanar da mutum shida ba lallai ne tana da kujeru shida masu kyau na tafiya ba. Wasu kujerun gefe suke kallo, kuma kujerar jarirai ba a ɗaura ta a kan irin waɗannan, sai a kan wadda ke kallon gaba. Idan kina da goyo ko ɗan yaye, wannan ita ce tambayarki ta farko ga masu hayar, kafin maganar kuɗi. Muddin mota na tafiya, ba mai hawa gadon sama, ba mai shiga banɗaki, ke ma ba za ki miƙe ki ɗora shayi ba. A kulle kowace durowa, domin birki ɗaya ya isa ya jefo gwangwanin tumatir a kan yaro.

Maganar mai kuwa, motar tana shan kamar lita 25 a kowane kilomita 100, kin ga zagayen zai ci lita 400 ko fiye. Wurin kwana a cikin gandayen gwamnati ana kama shi ta intanet tun wata shida kafin ranar, kuma na lokacin hutu ba ya jimawa ya ƙare. Akwai katin shiga gandaye na shekara guda, dala 80 ga mazauna ƙasar. Daga farkon 2026 aka ƙara wa baƙin da ba mazauna Amurka ba kuɗi mai yawa a manyan gandaye, ciki har da Zion da Bryce da Grand Canyon, saboda haka idan Hajiya ta zo ziyara za a tafi da ita, a bincika nata kuɗin tun da wuri.

Ruwa

Las Vegas garin caca ne, ba abin da zai tsayar da ke a cikinsa sai sayayya, amma sayayyar tana da muhimmanci. Akwai masallatai da shagunan naman halal a garin, kuma bayan kun bar shi ƙananan garuruwa za ku yi ta ratsawa inda samun irin wannan nama sai an dace. Ki sayi abin da firij zai ɗauka, sauran ki soya ko ki yi dambu tun a gida. Garin yana kan mita 600 kacal, zafinsa irin wanda kika sani ne har ya ɗara, don a watan Yulin 2024 ya kai digiri 49. Ko na minti biyar kada a bar yaro a rufaffiyar mota a irin wannan wuri.

A nan ne rabin amsar nan taki ta farko yake gaskiya. Tattalin ruwa ba wanda zai koya miki. Ma'aikatan gandayen suna ba da shawarar kowane mutum ya sha kusan lita 4 a yini, iyali mai mutum shida kenan lita 24 na sha kawai. Ki sayi wannan a jarkoki daban, ki bar na tanki don girki da wanka. Wankan shawa na minti biyar zai iya cin lita 30, mutum biyar suka yi shi tankin ya tafi. Bokiti da kofi kuwa, lita 8 ta wanke yaro tas. Ki tafi da butarki, alwala da ita ta fi alwala a bakin famfo tattali nesa ba kusa ba. Kwanuka a share su da takarda kafin a sa musu ruwa. Kuma duk inda kuka tarar da famfon cika tanki, a cika, ko da rabi ne kawai ya sauka.

Inda hamadar nan take yaudarar mutum shi ne busasshiyar iskarta. Gumi yana bushewa kafin ya jiƙa riga, sai ki ga yaro bai yi zufa ba ki zaci lafiya lau yake, alhali ruwan jikinsa tafiya yake yi. Kada ki jira ya ce yana jin ƙishi. Ki duba fitsarinsa, in ya yi duhu ko ya yi ƙaranci a ƙara masa ruwa, a haɗa da ɗan abu mai gishiri, kuma ki riƙe ƙunshin ruwan gishiri da sukari a jakarki. Haɓo da tsagewar leɓe da faso duk za su zo kamar a tsakiyar hunturu, man kaɗe da basilin su ne maganinsu. Rana ma ta fi kaifi a kan tudu, ƙarfin haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000 da aka hau, don haka hula da man kare fata har da 'ya'yanmu baƙaƙe.

Zion da hanyar da ta wuce ta Hildale

Daga Las Vegas zuwa Zion kilomita 260 ne. Kwari ne mai zurfi da kogin Virgin ya haƙa a cikin jan dutse, bangayensa sun miƙe sama ɗaruruwan mitoci, ƙasansa kuwa bishiyoyi ne kore shar. An mai da shi gandun ƙasa a 1919. Tun shekarar 2000, a lokacin cinkoso ba a shiga babban kwarin da motar kai, sai a ajiye ta a hau bas ɗin gandun kyauta, wanda ni a ganina hutu ne ga maigida. A tashar ƙarshe akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa a gefen kogi da keken jariri ke iya bi. Yara za su so shiga ruwa. Ki fara karanta allon sanarwa, domin tun 2020 ake samun wata gansakuka mai guba a kogin, ana gargaɗin kada a sha kada a nutsar da kai.

Gajeriyar hanyar fita zuwa Bryce ta cikin wani ramin dutse take, mai tsawon kilomita 1.8, da aka gama haƙawa a 1930 lokacin motoci ƙanana ne. A 2024 hukumar gandun ta sanar da cewa daga tsakiyar 2026 za a hana manyan motoci bin wannan hanya. Maigida ya san faɗi da tsayin motarsa, ya tambaya a ƙofa kafin na'urar nuna hanya ta kai shi bakin rami. Ɗaya daga cikin hanyoyin zagaye tana bi ta wani ƙaramin gari, Hildale, kuma akwai abin da ya faru a garin da nake so ki riƙe.

A ranar 14 ga Satumba, 2015, an yi ruwa mai ƙarfi a duwatsun da ke saman garin. Motoci biyu ɗauke da mata da yara sun tsaya a gaban wata ƙorama suna jiran ruwa ya janye, sai ambaliya ta zo ta kwashe su. Mutum 13 suka tafi, mafi yawansu yara. A ranar dai, wasu mutum 7 suka halaka a wani matsattsen kwari cikin Zion. Kafin nan, a Agustan 1997, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope kusa da Page, alhali ruwan da aka yi a inda suke bai taka kara ya karya ba, a can nesa hadarin ya zuba. Dalili shi ne ƙasar dutse ce, ba ta shan ruwa, duk abin da ya zuba a faɗin tudu sai ya tattaru a rami guda ya taho da laka da itatuwa da duwatsu. Lokacin wannan hadari daga Yuli ne zuwa Satumba, wato daidai da hutun makaranta. Busasshiyar ƙorama mai laushin yashi da inuwa ita ce inda yara za su fi son wasa, ita ce kuma inda ba za ki bari a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma ba. Idan kuka tarar da ruwa ya hau kwalta, a juya a koma kan tudu, ko da maigida ya ce motar babba ce. Wannan wuri ne da za ki ɗaga murya.

Daren Bryce

Da rana kun baro zafi a Zion, da yamma kun iso Bryce a kan mita 2,400. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi na sauka da kusan digiri 6, ga shi kuma busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumin rana. Da faɗuwar rana sai sanyi ya sauko kamar an buɗe firij. A watan Mayu da ƙarshen Satumba ruwa na iya daskarewa da dare. Uwar da ta shirya kaya da tunanin hamada kawai, a nan take gane kurenta. Kowane yaro ya samu rigar sanyi mai kauri, da safa da hula, da bargo nasa.

Motar tana da na'urar ɗumama ɗaki mai fitar da hayaƙinta waje, ita za a kunna. Kada a kuskura a kunna murhun girki don jin ɗumi, kada a shigo da gawayi, kada a bar janareto yana aiki kuna barci. Iskar gubar da ke fita daga waɗannan ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki a nan gida. Akwai na'urar ƙararrawa a motar don wannan, ki sa a gwada miki ita ranar karɓa.

Wannan sanyin shi ya sassaƙa abin da kuka zo gani. Fiye da dare 170 a shekara ruwa na shiga tsagar dutse ya daskare, ya kumbura ya tsaga shi, da rana ya narke. A hankali sai ya bar dubban ginshiƙai ja da ruwan goro da fari, tsaitsaye kamar taron jama'a a filin idi. Ki tashi yara bayan asuba su ga fitowar rana a kansu. Da dare kuma, in babu farin wata, ma'aikatan gandun sun ce ido na iya ganin taurari har 7,500. Yaron da aka haifa a birni bai taɓa ganin sama irin ta ƙauyen kakarsa ba, ga dama ta samu ki nuna masa Zara, da Kaza da 'ya'yanta in lokacin fitowarsu ne. A ofishin kowane gandu kuma ana ba yara wani ɗan littafin tambayoyi, in sun cika a rantsar da su a ba su bajo, abin yana riƙe su fiye da waya.

Za ki lura girki yana yi miki gardama. A wannan tsayin ruwa yana tafasa a digiri 92 maimakon 100, yana ta ɓararraka amma zafinsa bai kai ba. Shinkafa sai an ƙara mata ruwa da lokaci, wake kuwa zai cinye miki gas bai nuna ba, sai in kin taho da tukunyar nan mai murfin matsi. Kuskus da taliya da ƙwai da miyar da kika soyo daga gida su ne abincin Bryce.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wannan rubutu. Iskar sama ba ta da kauri, kowane numfashi oksijin ɗin da yake kai wa jini ya ragu. Mai lafiya ma zai iya jin ciwon kai, da kasala, da tashin zuciya, da rashin barci a daren farko. Ƙaramin yaro ba zai iya faɗa ba, sai dai rigima da ƙin abinci. Hutu da ruwa kan wadatar, in abin ya ƙi a sauka ƙasa. Amma mu muna da abin da yawancin maƙwabtanku a sansanin ba su da shi, wato sikila. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki, ukun nan kowanne shi kaɗai yana tayar da ciwon, a Bryce kuwa sun haɗu a dare guda. Idan kina da yaro mai SS ko SC, ba a tsara wannan tafiya sai da likitansa, kuma in ya ce a cire wurare masu tsayi a cire su, duwatsu ba za su gudu ba. Har mai AS, wanda bai taɓa ciwo ba, an san tudu da wahalar jiki kan iya taɓa masa saifa, ko da yake ba kasafai ba. Alamarta ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. In kika ga haka, ko maigida ne da kansa, ba maganar panadol ba ce, a sauka a nufi asibiti a gaya musu nau'in jininsa. Asibiti mafi kusa da Bryce yana garin Panguitch, kusan kilomita 40. Lambar gaggawa 911 ce, sai dai akwai dogayen wurare a hanyar nan da waya ba ta da sabis. Mai juna biyu da mai hawan jini ko asma su ma su ga likita kafin a biya kuɗin haya.

Ƙasar Nabaho

Daga Bryce gangara ce, maigida ya riƙa sauke giyar mota a kan gangaren kada birki ya ɗauki zafi. Page gari ne da aka kafa a 1957 don ma'aikatan madatsar ruwan Glen Canyon, a nan za ki sake cika firij a babban kanti. Kusa da shi akwai inda kogin Kolorado ya yi lanƙwasa kamar kofaton doki, ana leƙa shi daga tsayin mita 300. Tafiyar ƙafa ce ta kilomita 2.4 zuwa da dawowa cikin rana, kuma shingen ƙarfe a ɗan wuri kaɗan yake. A je da sassafe, ƙaramin yaro a goye.

Agogo zai rikita ki a wannan yanki. A lokacin zafi Yuta tana gaban Las Vegas da awa ɗaya, Arizona ba ta canja agogo saboda haka a Page kun koma baya, ƙasar Nabaho kuwa tana canjawa duk da cewa mafi yawanta cikin Arizona take. Waya sai ta yi ta tsalle tsakanin lokutan biyu. Don lokacin salla ki dogara da rana da inuwa. Alƙibla ma daga can arewa ce mai ɗan karkata gabas, kada sabo ya juya ki mafitar rana.

Nabaho, da suke kiran kansu Dine, ƙasarsu ta kai murabba'in kilomita 71,000, da gwamnatinsu da 'yan sandansu, kuma an haramta sayar da giya a cikinta in ban da 'yan wurare ƙalilan. Makiyayan tumaki ne, matansu masaƙa ne na ji da gani. Dangi ta wajen uwa ake ƙirga shi, kuma a al'adarsu miji ne ke tarewa wajen dangin mata. Ɗakinsu na gargajiya na itace da laka ne, kusan kewayayye, ƙofarsa na kallon gabas, in kika gan shi sai ki tuna ɗakunan karkararmu. A 1864 sojojin Amurka suka kora su a ƙafa ɗaruruwan kilomitoci zuwa wani sansani, da yawa suka mutu a hanya da can, sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka dawo. Soyayyen burodin da za ki ga ana sayarwa a bakin hanya, mai kama da fanke mai faɗi, ana danganta asalinsa da garin fulawa da kitsen da aka riƙa raba musu a wancan zamani. Ki tambayi man da aka soya shi da shi, wasu da kitsen alade suke yi.

Har yau kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar ba shi da ruwan famfo, za ki ga motoci ɗauke da tankuna suna jigila daga nesa. Ku shigo da tankinku a cike. Kada a ɗauki hoton mutum ko gidansa sai da izini, kuma in za ki sayi tsaraba, ki saya a hannun matan da ke baje sarƙoƙi da saƙa a rumfunan bakin hanya. A Monument Valley, inda jajayen duwatsu ke tsaye ɗai-ɗai a fili kamar rumbuna, hanyar zagayen ciki ta ƙasa ce mai kilomita 27 kuma ba a barin motar gida ta bi, sai a ajiye ta a hau motar 'yan jagora. Da safe a kakkaɓe takalma saboda kunama, wannan kam ba sai na gaya miki ba.

Grand Canyon da komawa

Sai kun sake hawa zuwa mita 2,100 kafin ku iso bakin Grand Canyon, saboda haka duk abin da muka faɗa a kan Bryce yana nan. Tsawon kwazazzabon kilomita 446, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 1,800, faɗinsa ya kai kilomita 29. Kusan mutum miliyan 5 ke zuwa kallonsa a shekara. Hoto ba ya ɗaukarsa, kuma na bar miki shi ki gani da idonki. Abin da zan ce kawai, mafi yawan bakinsa ba shinge, ana so a tsaya aƙalla mita 2 daga gaɓa, hannun yaro cikin naki. Kuregun wurin sun saba da mutane, suna cizon yatsun masu ba su abinci. Idan maigida da samarin gida suka ce za su gangara, su tuna ƙasan ya fi saman zafi da digiri 10 ko fiye, kuma hawowa na cin ninki biyu na lokacin sauka. Hukumar gandun tana gargaɗin kada kowa ya gwada zuwa kogi ya dawo a yini guda.

Ruwan da ake sha a wannan gefen ta wani tsohon bututu na shekarun 1960 yake zuwa, daga wani marmaro a ɗaya gefen kwazazzabon, kuma ya sha fashewa. A ƙarshen Agustan 2024 sai da aka dakatar da kwana a otal-otal ɗin gandun na wasu kwanaki saboda haka. Ku shiga da ruwanku a nan ma.

In da zaɓi a hannunki yake, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sun fi tsakiyar hutu sauƙin zafi da hadari. Komawa Las Vegas kilomita 450 ne, ku raba shi biyu, ku kwana a hanya. Daren ƙarshe a juye tankunan nan biyu, a cika mai, a share motar, domin masu haya suna cajin duk abin da aka bar musu. Fararen kayan yara ki jiƙa su a ruwan sanyi kafin wanki, jar ƙasar tana kama yadi. Yashin kuwa za ki yi ta tsintar sa a aljihunansu har a koma makaranta.